Tukunya mai intanet ko kokot da gas: wanne ya dace da madafar Maradi?

Ɗan yayata da ke aiki a Lyon ya kira ni wata Juma'a, mun sauko daga masallaci ke nan. "Kawu," in ji shi, "so nake in aiko wa Inna abin da zai hutar da ita daga hayaƙi. Na ga na'urorin girki iri-iri masu haɗuwa da waya, na rasa wadda zan ɗauka. Kai ka san wuta, ka duba mini." Gaskiyarsa, wuta na sani, don sana'ata haɗa sola ce da jan waya a gidaje. Girki kuwa, in ka wuce shayi da suyar ƙwai ka gama da ni. Mai sana'ar ita ce uwar tasa, Yaya, wadda ta fi shekara goma tana abincin biki da na suna a unguwar Zariya, ga gato da yawur na sayarwa a gefe. Sai muka raba aikin: ni na zauna da takardun na'urorin ina lissafin wat, ita kuma tana jefo mini tambayoyin da babu su a takarda.

Na san ba gidanmu kaɗai wannan shawara ta iso ba. Alhazai masu zuwa Dubai suna ganin waɗannan kaya, iyayen amare masu haɗa kayan ɗaki suna ganinsu a bidiyo, ƴan uwa na Turai kuma suna son aiko abin da za a ce madalla. Kuɗin ba kaɗan ba ne, shi ya sa na ga ya kamata in shimfiɗa abin da muka gano.

Ga yadda abin yake aiki. Na'urar, ko tukunya ce ko tandar gashi, tana da ƴar ƙwaƙwalwa da Wi-Fi ko Bluetooth. Manhajar girki kuma tana ɗauke da tsarin abinci daki-daki: zuba albasa giram kaza, soya minti kaza a zafi kaza. In an haɗa su biyun, ba sai ka karanta ka je ka murɗa maɓalli ba. Manhajar ce za ta gaya wa na'urar zafin da za ta kai da lokacin da za ta tsaya, ta kuma kira ka a waya in abinci ya nuna. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a mafi yawan masu Wi-Fi, saƙon ba ya tashi daga wayar da ke hannunka ya faɗa tandar da ke gabanka kai tsaye. Sai ya bi intanet ya je manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, sannan ya dawo. Taku biyu ne tsakaninka da tanda, amma saƙo sai ya yi balaguro. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa. Hanyoyi uku muka gano na haɗa na'ura da manhaja.

Hanya ta farko ita ce wadda kamfani ɗaya ya riƙe komai, na'ura tasa, manhaja tasa, girke-girken ma nasa. Sarkin wannan fage Thermomix ne na kamfanin Vorwerk da ke Wuppertal a Jamus. Samfurin TM6 ya fito a 2019, TM7 a 2025. Kwano ɗaya ne na ƙarfe mai wuƙa a gindi, yana awo, yana niƙa, yana markaɗe, yana kwaɓi, yana dafawa yana juyawa, ga madambaci a sama don turara. Girke-girkensa, dubun dubata, suna cikin manhajar Cookidoo, wadda ake biya duk shekara. Ba a ajiye shi a kantunan gama-gari. Galibi wakilai ne ke zuwa gida su gwada maka sannan ka saya. A Faransa TM6 ya kai wajen Yuro 1,400. Tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, lissafin ba wuya: jikka 918 ke nan, wato sefa dubu 918, kafin kuɗin jirgi da na duwan. Kuɗin shekara na Cookidoo kuma wajen Yuro 60, wato jikka 39 da ƴan kai.

A wannan layin akwai masu sauƙin kuɗi. Kantunan Lidl sun fito da Monsieur Cuisine Connect, wanda ya yi kama da Thermomix har ta kai su gaban alƙali a Sifen; a 2019 an sayar da shi Yuro 359 a Faransa, wajen jikka 235, mutane suka yi ta turereniya a kansa. Sai kuma Cookeo na Moulinex. Shi wani abu ne dabam: kokot ce, tukunyar nan mai rufe tururi, amma ta lantarki mai allo, tana cin lita 6. Akwai mai Bluetooth, akwai mai Wi-Fi, akwai kuma wadda ba ta haɗuwa da komai. Ko mai tsadar cikinsu wajen kashi ɗaya cikin uku ce na kuɗin Thermomix.

Hanya ta biyu ita ce ta auren kamfanoni, kuma ita ce masu talla suka fi yi wa kirari. Mai ƙera tanda bai iya rubuta manhaja mai daɗin amfani ba, mai manhaja kuma ba shi da masana'anta, sai su ƙulla yarjejeniya. Bosch da Siemens suna da tsarin Home Connect, kuma uwar kamfaninsu ta sayi kaso mafi girma na manhajar Kitchen Stories ta Berlin a 2017. A shekarar ce Whirlpool na Amurka ya sayi Yummly. Manhajar SideChef ta haɗu da LG da GE da Bosch, haka ma manhajar Innit. Wani kamfanin Dublin mai suna Drop, wanda ya fara da sayar da sikelin kicin, ya koma rubuta wa wasu manhaja, ya sauya suna zuwa Fresco a 2022. Shi ne ke bayan manhajar tukunyar Instant Pot Pro Plus. Samsung kuwa ya sayi Whisk a 2019, ya sake mata suna Samsung Food a 2023, aka buɗe ta a ƙasashe 104 da harsuna 8. Daɗin wannan hanya a takarda shi ne ba a ɗaure ka da littafin girki ɗaya ba, kuma manhaja ɗaya tana iya magana da tandar wannan kamfani da ta wancan.

Amma ka tambayi kanka me ya haɗa su. Tanda in an saya sai a shekara goma ba a koma wurin mai ita ba. Manhaja kuwa kullum tana hannu, tana ganin abin da kake dafawa da lokacin da kake dafa shi, kuma ana iya ɗora mata kuɗin wata. Ga kuma cefane: a Amurka, SideChef na iya tura jerin kayan miyar girkin da ka zaɓa zuwa kantin Walmart, a kawo maka har gida. Da na gaya wa Yaya wannan, dariya ta yi ta ce ita ma tana da irin wannan tsari tun tuni, sunansa autanta, kuma shi har ragi yake nemowa wurin mai tattasai. Rabin amfanin wannan aure an gina shi ne a kan kantuna da katunan banki da adireshin gidaje irin na can. Kai da ke Maradi za ka biya kuɗin duka, ka ci rabi.

Hanya ta uku ba ta da mai talla: na'ura dabam, waya dabam, mai girki ce igiyar da ta haɗa su. Murhun gas, kokot ta ƙarfe da ake azawa a wuta, tandar gas, injin markaɗe mai ƙarfi, ƙaramin sikeli, sannan waya a jingine da gwangwanin gishiri ana kallon girki a YouTube ko Facebook, ko ana sauraren muryar wata ƴar uwa a zauren WhatsApp. Manhajar Cookpad ta Japan ma ta buɗe sashen Hausa, inda matan Kano da Kaduna da Sakkwato suka zuba girke-girke da harshenmu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai kunna maka tanda. Amma duk suna magana a kan abincin da muke ci.

To, mu zo fagen da na fi sani. Wutar Maradi da Damagaram mafi yawanta daga Katsina take shigowa, ta layin da ya biyo Gazawa. Kowa ya tuna Agustan 2023, da Nijeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni sai a Maris na 2024 ta dawo. Ko ba rikici, watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna fanka da firji, rabon wuta ake yi. Kuma a ƴan shekarun nan azumi a bakin wannan lokacin yake faɗowa, wato daidai sa'ad da uwargida ta fi buƙatar mataimaki. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar girki, kwanon Thermomix ba a aza shi a murhu, don akwai haƙoran lantarki a gindinsa. Sai dai a juye a wata tukunya. Kokot ta lantarki ta ɗan fi haƙuri, saboda tururin da ta riga ta tara yana ci gaba da dafa abin da ke ciki na ɗan lokaci, sai dai ba ta buɗuwa sai ta huce.

Sai nauyin da suke ɗora wa gida. TM6 yana jan wat 1,500 in yana dafawa yana juyawa, Cookeo wat 1,600. A wutarmu ta bolt 220, kowannensu ya kai ampiya 7 ko kusa. Babbar tandar bango irin ta Bosch ko LG kuwa tana haura wat 3,000, wasu har ampiya 16 suke nema, da wayarsu ta musamman tun daga allon rabon wuta. Gidaje da yawa da nake shiga a Bagalam da Sabon Gari da siririyar waya aka ja su, wadda aka yi wa lissafin ƙwan fitila da fanka da talabijin. Ka ɗora mata tanda, ko dai makashin wuta ya riƙa faɗuwa, ko wayar ta riƙa ɗumi a cikin bango, wanda shi ne mafi muni. Sannan allon ƙwaƙwalwar waɗannan na'urori ba ya son wutar da ke hawa da sauka, musamman irin wadda ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Dole ka ƙara kuɗin na'urar daidaita wuta mai ɗaukar wannan nauyi.

Masu sola su kan ce ai su wannan bai shafe su ba. Ya danganta. Batir mai ampiya-awa 200 a bolt 12 yana riƙe wat-awa 2,400, kuma in na dalma ne, rabi kawai ya kamata a sha in ana son ya yi ƙarko. Inbata mai wat 1,000 ba za ta ɗaga ko ɗaya daga cikin tukwanen nan ba. Sai mai 2,000 ko fiye. A nan kokot ta lantarki ta burge ni. Ba ta jan cikakken ƙarfinta sai a mintocin farko da take tara tururi, daga nan sai ɗan kurɓa-kurɓa, har tukunyar wake gaba ɗaya ba ta cika wuce rabin kilowat-awa ba. In aka aza ta da hantsi zuwa azahar, sa'ad da rana ke dukan faifan sola, kusan kyauta aka yi girkin. Tandar bango kuwa, a ƙaramar solar gida, a bar maganar.

Gefe guda ga gas. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gas na gida ne, kuma farashin hukuma na tulu mai kilo 6 ya daɗe a sefa 1,800, ko da yake in ya yi ƙaranci ƴan kasuwa kan ɗora nasu. Ka auna: kuɗin Cookidoo na shekara ɗaya ya kusa cika wannan tulu sau 22.

Maganar intanet ba ta kai ta wuta zafi ba, amma tana da ƙaya. Waɗannan na'urori Wi-Fi na gida suke tsammani, wanda ke kunne dare da rana, mu kuwa yawancinmu datar Airtel ko Moov ko Zamani muke saye a waya. Ana iya raba data daga waya a ba tukunya, sai dai in mai wayar ya fita, tukunya ta koma kurma. Mai Bluetooth ta fi dacewa da mu ta wannan fuska, tunda ita da waya kai tsaye suke magana. Biyan kuɗin shekara kuma da katin banki irin na Visa ake yi. Nita da Amana da muke tura kuɗi da su ba su shiga nan. Ga kuma shingen ƙasa. Takardun Bosch da kansu suna rubuta cewa ba a kowace ƙasa Home Connect ke aiki ba, kuma akwai manhajojin da ba sa ma bayyana a Play Store in asusunka na wata ƙasar ne. Kafin a biya ko dala, a sa wanda zai yi amfani da na'urar ya sauke manhajar a wayarsa a nan Maradi, ya buɗe asusu, ya ga ta karɓe shi. Gwajin minti goma ne, kuma kyauta.

Duk wannan lissafi nawa ne. Tambayar da ta kashe maganar Yaya ce ta yi ta. Ina nuna mata bidiyon Thermomix, ta ce, "Kai ƙanena, tiya nawa yake ci?" Na duba takarda na ce kwanon lita 2.2 ne. Ta ce in faɗa mata da Hausa. Na ce bai kai rabin tiyar gari ba in za a yi tuwo. Ta dube ni, ta dubi tukunyar da ke kan murhu, mai cin tiya uku, ba ta ƙara cewa komai ba. Gidanta mutum goma sha huɗu ne ke cin abincin dare, ban da almajirai da baƙon da ya faɗo. An ƙera na'urar ne da gidan mutum huɗu a zuciya.

Kuma ko girman ya isa, akwai maganar abincin kansa. Babu ɗaya daga manhajojin hanya ta farko da ta biyu da ke jin Hausa. Faransanci ne ko Turanci ko Jamusanci da makamantansu. Girke-girkensu an gwada su da fulawar can da man shanun can da naman can, wanda yake da laushi tun daga mahauta. Naman jar akuyarmu da ta yi yawon kiwo, ko zakaran gida, ba za su nuna a mintocin da aka rubuta wa kazar gona ba. Tuwon hatsi kuwa ba a minti yake ba. A hannu yake: yadda ruɗe ya yi kauri, yadda muciya ke ja, ƙamshin da ke gaya maka gari ya daina ɗanye. Garin da aka niƙo yau da wanda ya kwana uku ba ruwa ɗaya suke sha ba. Miyar kuka ana kaɗa ta ne ana kallo, daddawa kuma kowace unguwa da ƙarfin tata. Gaskiya ne Cookidoo ya ba mutum damar rubuta nasa girkin ya adana, Samsung Food ma na karɓar girki daga kowane shafin intanet. Amma ka ga inda aka kwana: ke ce za ki koya wa na'urar girki, sannan ki biya kuɗin shekara don ta tuna miki.

Kada in yi rashin adalci, akwai inda suka yi fice. Gato ba ya son "ɗan zuba kaɗan", awo yake so, kuma Thermomix yana auna giram a cikin kwanon da yake kwaɓawa. Yawur yana son ɗumi tsayayye na awoyi, kirim ɗin gato yana son juyi ba tsayawa don kada ya kama, kunun jarirai yana son laushi. Duk waɗannan aikinsa ne. Madambacinsa zai turara dambun zogale na mutum uku ko huɗu lafiya lau. Sai dai markaɗen waken ƙosai na bokiti guda, mai injin bakin titi zai yi maka shi da ƴan daloli kafin ka gama wanke kwanon. Kokot kuwa, ta wuta ce ko ta gas, a abincinmu ta sami gida: wake, ganda, ƙafar sa, kan rago bayan layya, kayan ciki. Tururin da ta rufe yana kai zafin ciki wajen digiri 115 zuwa 120, shi ya sa waken da kan ci fiye da awa ɗaya yake nuna cikin rabin awa, ba tare da an cika masa kanwa ba. Lura da kyau: wannan aikin tururi ne, ba na intanet ba. Kokot marar Wi-Fi za ta yi shi daidai da mai Wi-Fi.

Yanzu mu koma kan saƙon nan mai balaguro. Tunda sai ya bi ta kwamfutocin kamfani, ranar da kamfani ya rufe su, wayon na'urarka ya tafi. Ba zato nake ba. Yummly, wadda Whirlpool ya saya ya haɗa da tandojinsa, an rufe ta a Disamban 2024. Kamfanin da ke yin Instant Pot ya shiga kotun fatara a Yunin 2023, aka sayar da sashen tukwanen ga wasu. Anova, mai na'urar dafa nama a ruwan ɗumi, wanda Electrolux ya saya a 2017, ya sanar a 2024 cewa sababbin masu buɗe asusu za su riƙa biyan dalar Amurka 1.99 a wata ko 9.99 a shekara don manhajar da a da kyauta ce, ya kuma ce tsofaffin samfuransa za su daina haɗuwa da manhajar a 2025. Mafi ban dariya, in ba a gidanka ya faru ba: a Maris na 2022 wani sabuntawa da aka turo ta intanet ya rikita wasu na'urorin ɗumama abinci na AEG a Holan da maƙwabtanta, suka ɗauka su tandar tururi ce, suka daina aiki, sai da ma'aikata suka bi gida-gida. Wa zai biyo ka unguwar Ali Ɗan Sofo?

A nan ne hanya ta biyu ta fi ta farko rauni. A gida ɗaya, muddin kamfani na sayar da na'urarsa, yana da dalilin raya manhajarsa. A auren kamfanoni kuwa, ba da kai aka ɗaura ba, ba kuma za a tambaye ka ranar saki ba. Kai dai za a bar wa ƴaƴa. Manhaja na iya samun wani mijin, mai tanda na iya fito da sabon samfuri ya manta da tsohon. Akwai yunƙurin gyara wannan: Apple da Google da Amazon da Samsung sun haɗu a kan wani harshe ɗaya na na'urorin gida mai suna Matter, wanda ya fito a 2022, aka shigar da tanda da murhu cikinsa a Mayun 2024. Zai taimaka wajen kunna da kashe da saita zafi. Girke-girken dai suna nan a hannun masu su.

Ita ma hanya ta farko tana da tata igiyar. A TM6, in da hannu kake sarrafa shi, zafinsa a digiri 120 yake tsayawa. Yana iya kaiwa 160, zafin da ake soya nama ya yi ja da shi, amma sai ta cikin girkin da manhajarsu ke jagoranta. Wato ƙarfin yana cikin na'urar da ka biya jikka ɗari tara, makullin yana wurinsu. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Su sun ce don kariya ne, kada mutum ya ƙone. Ni dai na ga kariyar ta zo daidai da inda kuɗin shekara yake.

Gyara ba sai na ja ba. Masu gyaran rediyo da talabijin na babbar kasuwa gwanaye ne, za su canza maka fis da waya da abin zafi. Allon taɓawa da ƙwaƙwalwa kuwa sai an aiko daga waje, garantin Turai kuma ba ya hawa motar Yamai ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 ya same ka. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kyankyasai na son ɗumin allon lantarki. A duba kan filogi ma: kayan Faransa suna shiga soket ɗinmu kai tsaye, na Kano da Dubai masu ƙafa uku ne amma ƙarfin wutar ya yi daidai, na Amurka kuwa bolt 120 ne, in ka soka shi a bangonmu ka yi sallama da shi. Wani ɗan abin lura ga masu kishin sirrin gida: a Yunin 2019 wasu Faransawa biyu sun buɗe Monsieur Cuisine Connect suka tarar da makirufo a ciki wanda ba a ambata a takarda ba. Lidl ya ce ba a kunne yake ba. Madafa dai ita ce inda ake hirar da ba a yi a zaure.

To wa ya kamata ya sayi me? In gidanku ƙarami ne, mata da miji da yara biyu, kuna da sola mai ƙarfi da Wi-Fi, uwargida na karanta Faransanci tana kuma son girkin Turawa da kayan fulawa, ga ɗan uwa a waje da zai riƙa biyan kuɗin shekara yana aiko kayan gyara, Thermomix zai faranta muku, kuma na fi yarda da shi a kan duk wani haɗin gambiza. Babbar tanda mai jiran manhajar wani kamfani kuwa, ban ga wanda zan ba shawarar ya ƙara ko jikka ɗaya saboda ita a Maradi ba. In tandar ta yi maka don girmanta da ingancinta, kuma wayar gidanka za ta ɗauka, saya. Amma ka ƙiyasta kuɗinta kamar ba ta da Wi-Fi. Ma'aunin da na riƙe ke nan ga kowace na'ura: a cire intanet, a goge manhaja, a ga me ya rage. Cookeo in an yi mata haka, kokot ce cikakkiya mai maɓallan hannu. Monsieur Cuisine da Thermomix suna rage injin niƙa da dafawa mai kyau amma ƙarami, Thermomix kuma an rufe masa wani ɗaki.

Ga mai sana'a irin Yaya, da mai babban gida, da mai haɗa wa ɗiya kayan ɗaki, hanya ta uku ce, a ƙara mata kokot ta lantarki in akwai hali. Jikka 918 ɗin nan za ta sayi tandar gas mai ɗaukar farantan gato da yawa a tashi ɗaya, da babbar kokot ta kan murhu, da injin markaɗe, da sikeli, da tulun gas na biyu don ranar ƙaranci, a kuma sami canjin ƙara faifan sola. Sikelin nan, mafi arha a cikinsu, shi ne ya ɗauko rabin abin da ake yabon na'urori masu wayo da shi. In aka auna fulawa da sukari sau ɗaya aka rubuta a littafi, gaton gobe zai fito kamar na yau, kuma yarinyar da ke koyon aiki za ta iya yin sa ko Yaya na gidan biki.

Da daddare na kira ɗan nata na karanta masa lissafin. Ya ɗan yi shiru, don na san Thermomix ɗin ne ya kwanta masa a rai, ya riga ya hango uwarsa tana latsa allo. "To Kawu, ko mai Wi-Fi ɗin ce in ɗauko cikin kokot ɗin?" Na ce in bambancin kuɗin kaɗan ne ya ɗauko, ƙannensa za su yi wasa da ita, in da yawa ne ya bari. Yaya ta karɓe wayar daga hannuna. Ta sa masa albarka tukuna, ta yi masa addu'a mai tsawo har da ta samun mace ta gari, sannan ta ce ragowar kuɗin ya turo a ba kawunsa ya ƙaro faifai biyu a kan rufi. "Kuma ka ji," in ji ta, "ka sa mini robar murfi guda biyu a cikin kwalin, da tukunyar ciki ta biyu. Wadda na dafa ganda a ciki ba zan dafa shinkafar mutane da ita ba."